Sawun da Ya Fita Daga Gidan Kifi

Tun daga bakin lungu warin ya tarbi Sanda. Wari ne mai hawa kai, irin na maganin da ake fesa wa wake a gona, ga kuma ƙarnin kifi ya cakuɗe da shi. Ya toshe hanci da hannun rigarsa, ya kutsa cikin mutanen da suka yi cincirindo a ƙofar kangon, maza a gaba, mata na leƙe ta kan katanga.

Kangon nan na ƙarshen Malali, ta wajen gangaren da ke sauka kogi, shi 'yan unguwa ke kira gidan kifi. Wata malamar jami'a ce daga Zariya, Dakta Husaina, ta kama shi haya bara, ta sa aka gina mata tankunan siminti a jere. Kowane tanki da ruwan rijiya ɗaya take cika shi, daga rijiyoyin unguwar, ta zuba 'ya'yan tarwaɗa da karfasa tana lura da girmansu. Ta ce yaran wannan shiyya sun cika ciwon ciki da rama, tana so ta gane ko daga ruwa ne. Wasu suka yi mata fatan alheri. Amma da yawa hankalinsu bai taɓa kwanciya da macen da ke yawo tana zura kwalba a rijiyar mutane ba.

Yau, a farkon daminar 1988, ga tankunan nan sun yi fari fat. Kifayen duk sun juya ciki sama.

"Gara da ka iso," in ji Mai Unguwa Haruna. Ya kamo hannunsa ya ja shi gefe. "Abin ya wuce kifi, Sanda. Ila mai ba su abinci ne ya tarar da su haka da asuba, ya ruga kiran Dakta, ya bar ƙofa a buɗe. Dije maƙwabciyarsu ta leƙo, ta ga manyan tarwaɗa suna ɗan motsi, ta ɗauka rabo ne ya zo. Ta kwashi biyu ta yi wa 'ya'yanta farfesu. Yanzu haka yaran nan mata biyu suna asibiti, kumfa na fita ta bakinsu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya kai su?"

"Surukinka, Lawal mai gyaran batir. Allah ya yi masa albarka, shi ya kwashe su a motarsa. Ko takalmi bai tsaya sawa ba."

Sanda tsohon maharbi ne daga dajin Birnin Gwari. Ya yi shekaru yana gadin daji kafin gwiwa ta hana shi, ya dawo Kaduna kusa da 'yarsa Zainab. In akuya ta ɓata, ko yaro ya bi rafi bai dawo ba, shi ake aika wa. Amma bai taɓa bin sawun da rayukan yara ke rataye a kansa haka ba.

Daga baya wata murya ta ɗaga. "Ai mun faɗa! Abin da take zuba wa kifi shi take zuba mana a rijiya!"

"Ila ne!" wani ya amsa. "Ai ba yau ya fara ba!"

Sanda ya ga wasu samari sun tsinci duwatsu suna jujjuya su a hannu. Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa, gindinsa baƙi ƙirin. In ruwan nan ya sauko, ƙasa za ta manta da duk wanda ya taka ta.

*

Ya roƙa aka fitar da kowa, aka bar shi da Dakta. Mace ce 'yar siririya mai tabarau. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, tana tsamo matattun kifi da raga tana sawa a leda.

"Baba Sanda, yaran fa? An ji wani abu?"

"Tukuna, Dakta."

Ya tsuguna. Idonsa ba kamar da ba, sai ya kawo fuska kusa da ƙasa, ya karkata kai ta inda haske ke faɗowa. Bakin ƙofa an riga an tattake shi, babu abin karantawa. Amma bayan tankunan, jikin katanga, inda ruwan da ke ɗiga ya sa ƙasa ta yi laushi, sawu iri biyu ya gani. Ɗaya na dogon takalmin roba ne, irin na masunta, wanda kowa ya san Ila da shi. Ɗayan na takalmin taya ne. A duk inda suka haɗu, na Ila ne a sama.

Ya bi na tayar da rarrafe. Ta katangar baya ya shigo, inda bulo ya karye. Ƙafar dama ta fi ta hagu nutsewa, ke nan da kaya mai nauyi a hannun dama. Ya tsaya a gaban kowane tanki, bai tsallake ko ɗaya ba. Da zai fita, ƙafafun biyu sun daidaita.

"Dakta, wa zai ji daɗi in kifayen nan suka mutu?"

Ta ajiye ragar, ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Ina jin ni na jawo. Ran Juma'ar da ta wuce, a ƙofar Mai Unguwa, na yi suɓul da baka. Na ce kifayen wasu tankuna suna girma a karkace, suna mutuwa ɗai-ɗai, alamar akwai wani abu a ruwan waɗannan rijiyoyin. Aka ce in faɗi ko na wa da wa ne. Na ce sai na tabbatar."

"Su wa ke wurin?"

"Duk wanda ya sauko daga masallaci."

"To in rijiyar mutum ta lalace, ai ba laifinsa ba ne."

"Ya danganta, Baba. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa tafiya yake yi kamar rafi, sai dai a hankali, yana bin gangare. In wani ya zuba mugun abu a wuri ɗaya, sai ya ɓullo a rijiyar wanda bai ji ba bai gani ba. In na san rijiyoyin da suka kamu, zan iya bin su baya har in kai ga inda abin ya faro."

Sanda ya dubi tankunan. Jikarsa Binta ce ta faɗo masa a rai, 'yar Zainab da Lawal. Ta kai shekara uku, amma maganarta ba ta fita sosai, kullum hannunta na kan ciki. Da, in ya shiga ya ce ina amaryata, da gudu take zuwa ta ja masa gemu. Yanzu sai dai ta bi shi da ido daga kan tabarma.

*

A zauren Mai Unguwa aka tsare Ila. Yana zaune a ƙasa, leɓensa ya fashe, wani ɗan sanda mai igiya uku, Saje Idris, yana tsaye a bakin ƙofa yana kare shi daga masu leƙe.

"Baba, ba sai ka wahalar da kanka ba," in ji Saje. "Ga abin da aka samu a ɗakinsa." Ya miƙo wani gwangwanin maganin ƙwari. "Kuma ka san Sarkin Ruwa ya taɓa korarsa daga kogi saboda zuba magani."

Sanda ya karɓi gwangwanin ya buɗe. Tsatsa ta cinye bakinsa, cikinsa ƙugiyoyin kamun kifi ne da ƙullin zare. Ya shinshina. Babu komai sai warin tsohon ƙarfe.

"Ila, dube ni. Kai ne?"

"Wallahi, Baba, ba ni ba ne." Ya dubi gwangwanin. "Maganar kogi an yi, ban musa ba, shekarun baya ne. Amma kifayen nan ni na rene su tun suna kamar ƙwayar shinkafa. In na buga bakin tanki da kwano sai su taso gaba ɗaya. Yau na buga, na buga, ba wanda ya taso."

"Kana da takalmin taya?"

"Ni da kullum ƙafata ke cikin ruwa? Sai na roba."

"Wa ka taɓa ji yana aibata aikin nan?"

Ila ya dubi Mai Unguwa, ya sunkuyar da kai. "Alhaji Isma'ila mai ruwa. Ran Juma'a ya ce wa Dakta, in ta kuskura ta ɓata masa suna, sai ta bar Malali da ƙafarta ko a fitar da ita."

Saje ya jawo Sanda waje, ya rage murya. "Baba, ni kaɗai aka turo. Mutanen nan ba zan iya riƙe su har dare ba. In aka yi la'asar ba ka zo da wani abu ba, zan tafi da Ila da Daktar ofis, ko don in tsirar da su. In kuwa aka ce ɗaya daga cikin yaran nan ta cika kafin nan, ban san abin da zai faru ba."

*

Daga bayan katangar gidan kifi sawun ya gangara cikin sabuwar ciyawa, ya bi gefen wani ɗan kwari da ruwan unguwa ke bi. Sanda ya bi shi baya-baya, yana neman inda ya fito. Iska ta fara kaɗawa, ledoji na tashi. Sau da yawa sawun yakan ɓace a kan tsakuwa, sai ya kewaya har ya sake kama shi a gaba. Ya lura mutumin yakan tsaya, ƙafafu biyu a haɗe, sannan ya ci gaba. Bai yi nisa ba sai ya sake tsayawa.

Sawun ya haura ya shiga filin da ke gaban gidan Alhaji Isma'ila, nan kuwa ya nutse. Alhaji na da babbar rijiya mai inji, rabin unguwar daga nan 'yan garuwa ke ɗibar musu ruwa. Filin ya zama laka, an tattake shi da ɗaruruwan ƙafafu, kusan duka da takalmin taya.

Sanda ya tsaya yana kallon 'yan garuwan. Kowanne ya saɓa sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo, ya haura tudu da sassarfa bai ko waiwaya ba.

"Sanda, ni kake nema, ko?" Alhaji Isma'ila ne, babban mutum mai tumbi, yana zaune a kan benci da rediyo a gefensa. Ya kashe rediyon. "Na san za a zo. Zauna."

"An ce ka yi wa Dakta barazana, Alhaji."

"Na yi. A gaban jama'a ta ce wasu rijiyoyi sun lalace, ta ƙi faɗin ko waɗanne. Kashegari mutane suka fara tambayar yarana ko tawa ce. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da na faɗa." Ya matso kusa. "Amma je ka tambaye ta wanda ya kai mata ruwan rijiyar nan da hannunsa ran Lahadi, ya ce ta sake aunawa. Jikokina shi suke sha, Sanda. A masallaci ma da shi ake alwala. In da guba a ciki, ni ne na farko da ke son sani. Yanzu da kifin ya mutu, wa zai wanke ni?"

Sanda ya dubi idonsa, bai ga komai ba sai tsoro irin wanda shi ma yake ji. Mai yiwuwa Alhaji ya sa wani cikin yaransa, amma wanda ya saba ɗaukar garwa biyu ya haura tudu ba zai riƙa ajiye kayan hannu ɗaya yana hutawa a kan gangare ba. Masunci mai jan koma ma haka. Mutumin da yake nema bai saba da dako ba.

Aka yi tsawa can nesa. Sanda ya miƙe ba sallama mai tsawo.

*

Ya koma wuraren da mutumin ya tsattsaya. A karon farko ƙafafun kawai ya duba. Yanzu ya duba gefensu na dama, inda kayan ya sauka. Ciyawar ta kwanta, kamar yadda ya zata. Amma da ya ɗaga ta da yatsa sai ya ga wani abu. A inda kayan ya zauna, ciyawar ta ƙone, ta yi baƙi-baƙi, ta zana siffar gindin jarka sak, kusurwa huɗu. Ya je tsayawa ta gaba, haka. Ta gabanta ma haka.

Ya tafi da sauri iyakar abin da gwiwarsa ta yarda, ya kira Dakta. Suka fito ta katangar baya don kada taron ya gan su.

"Maganin ne ya ɗiga ya ƙona ta?" ya tambaya.

Ta durƙusa ta duba. "A'a. Wannan maganin a kan ganye ake fesa shi, ba ya ƙona ciyawa. Kuma duba, ba ɗigo ba ne. Wani abu ne da ke manne a gindin jarkar daga waje."

Ta buɗe jakarta ta ciro kwalbar ruwa mai tsabta da wata 'yar siririyar takarda shuɗiya, irin wadda take tsomawa a ruwan rijiya. Ta ɗiga ruwan a kan ƙonanniyar ciyawar, ta danna takardar a kai. Kafin ta ɗago ta, ta koma ja wur.

Ta matsa gefe inda ciyawa ke da rai, ta gwada da wata. Ta zauna shuɗiya.

"Mene ne?" in ji Sanda.

Ta sake duban jar takardar. "Abu mai cin ƙarfe da tufafi," ta ce a hankali. "Jarkar nan ta daɗe zaune a inda ake zubar da shi. Irin wannan, a unguwa kamar tamu... ruwan batir ne, Baba."

Sanda ya ɗaga kai ya dubi tudu. Mai gyaran batir ɗaya ne a wannan ɓangare na Malali. Shagonsa yana kan tudu, bayan filin Alhaji kaɗan, daidai inda sawun ya nufa kafin ya ɓace.

"Dakta," ya ce, "tankunan da kifinsu ya karkace. Har da na rijiyar gidan Zainab?"

Ta kawar da kai. "Shi ya fi kowanne."

Ɗigon farko ya faɗo a bayan hannunsa, mai girma, mai sanyi. Sannan na biyu. Ya dubi zanen da ke kan ciyawa. Ba sai ya yi komai ba. In ya tsaya a haka na ɗan lokaci, ruwa zai wanke wurin, sawun ya tafi, ya koma ya ce wa Saje ƙasa ta ƙi magana. Ba wanda zai zarge shi, kowa ya san ya tsufa. Zainab ba za ta rasa miji ba. Ila kuwa ba shi da kowa a garin nan.

Ya ji Dakta na kallonsa.

Ya zaro wuƙarsa daga kube, ya durƙusa, ya yanka ƙasar ta kewaye da zanen, ya ɓamɓaro ta da saiwarta. Ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe ta, ya miƙa wa Dakta.

"Kai wannan zauren Mai Unguwa, kada ruwa ya taɓa shi. Ina zuwa."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. A cikinsa ya haura tudun shi kaɗai. Shagon Lawal a kulle yake. Ya zagaya baya, inda wata tsohuwar rijiya take da aka daina amfani da ita tun kafin a gina shagon, an rufe bakinta da kwanon rufi. Ya ture kwanon. Fasassun tsofaffin batura ne cike da ita, tuli a kan tuli, ruwan sama na bi ta tsakaninsu yana gangarawa ƙasa. A can sama, inda aka jefa su ba da daɗewa ba, ga farar jarka da takalmin taya ƙafa biyu.

Ya san takalmin. Shi ya saya wa Lawal a kasuwar Kawo.

*

Bayan la'asar ruwan ya tsagaita. Zauren Mai Unguwa ya cika. Ila na nan a inda yake, Alhaji Isma'ila na kan kujera, Dakta na tsaye jikin bango, Saje Idris ya tare ƙofa. A waje taron ya fi na safe. Lawal ya dawo daga asibiti ba da daɗewa ba, an ba shi wuri kusa da Mai Unguwa. Idanunsa sun yi ja, ƙafarsa cikin wani silifa na aro da ya yi masa kaɗan.

"Babbar ta farfaɗo," yake gaya wa Mai Unguwa. "Ƙaramar ce har yanzu ba ta buɗe ido ba."

Sanda ya shigo jiƙe sharkaf. Ya ajiye wani buhu a gefen ƙofa, ya karɓi yankin ƙasar daga hannun Dakta, ya ɗora a faranti a tsakiyar zauren.

"Ranka ya daɗe, zan faɗi abin da ƙasa ta nuna mini, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Wanda ya zuba maganin ta katangar baya ya shiga, da takalmin taya. Ila ya zo bayansa, sawunsa a kan na wancan yake. A sake shi."

Ila ya kifa fuska a tafin hannu.

"Sawun ya bi ta filin Alhaji, amma wucewa ya yi. Mutumin bai saba da ɗaukar kaya ba, yana tafiya yana hutawa. Ba ɗan garuwa ba ne. Duk inda ya ajiye jarkarsa kuwa, ga abin da ta bari."

Suka sunkuyo suna kallon zanen. Dakta ta ɗiga ruwa, ta danna shuɗiyar takarda, ta ɗaga ta sama kowa ya ga ta yi ja. Ta faɗi abin da ke sa haka.

Alhaji Isma'ila ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Sanda, ya fasa.

Sanda bai iya duban surukinsa ba. Bango ya kalla.

"Lawal, ina takalminka?"

"Baba..."

"Wanda na saya maka. Ina yake?"

Lawal ya dubi buhun da ke gefen ƙofa. Sai ya zame daga kan tabarmar ya durƙusa, ya fashe da kuka irin na babban mutum, wanda ba daɗin ji.

"Rami ne kawai na ɗauka, Baba. Babu ruwa a cikinta. Shekara da shekaru nan nake zuba ruwan batir da dalmar da ta lalace, ba wanda ya taɓa ce mini komai. Da Dakta ta zo ta tambaye ni inda nake zubarwa, tsoro ya kama ni, na ce kaiwa bola nake yi. Ran Juma'a da ta yi maganar nan, na koma gida na dubi Binta. Tun ran nan ban yi barci ba. Na ce in aka ce ni na nakasa yaran unguwa, har da 'yar cikina, ina zan sa kaina? Me zan ce wa Zainab? Sai na ce in kifin ya mutu duka, ba wanda zai san wane tanki ne ya fara. Wallahi tallahi ban yi zaton wani zai ci ba. Da na ji ihun Dije..."

"Malam Lawal," in ji Dakta. Muryarta ba faɗa a ciki, gajiya ce kawai. "Ruwan rijiyoyin nan tun watan jiya na aika da shi Ibadan a auna. Ko da kifi ko babu, amsa za ta zo. Da ka same ni ran Juma'a ka faɗa mini, da tun ranar muka hana yara shan ruwan."

Lawal ya ɗago ya dube ta kamar bai gane Hausar ba. Sannan ya sake kifa kai.

Maganar ta riga ta fita waje. Aka fara dukan ƙofar, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Saje ya ɗaga Lawal, Mai Unguwa ya buɗe musu ƙofar cikin gida don su fita ta baya. Sanda kuwa ya je bakin zauren ya tsaya, ba riga a jikinsa sai 'yar shara, ya ware hannuwa ya riƙe ginshiƙan biyu.

"Ni na kamo shi," ya ce da ƙarfi. "Mijin 'yata ne, kuma ni na kamo shi. Hukuma ta karɓe shi. Wanda bai gamsu ba, ga ni, ya fara da ni."

Ba wanda ya matso. Aka daɗe ana tsaye ana kallon juna, har aka ji tashin mota daga bayan gida.

*

Ƙaramar 'yar Dije ta buɗe ido washegari da hantsi. Amsar Ibadan sai daga baya ta zo, ta tabbatar da gubar dalma a rijiyoyin da ke gangaren shagon, kotu kuma ta ɗaure Lawal. Amma Mai Unguwa bai jira ko ɗaya ba. Tun da safiyar nan shi da Dakta suka fara bi gida-gida suna roƙon mutane su rufe rijiyoyinsu.

Gidan Zainab kuwa Sanda ya ce shi zai je.

Ya daɗe a soro kafin ya yi sallama. Ba a amsa ba. Ya shiga. Tana tsaye a bakin rijiya, ta riga ta zura guga, idanunta sun kumbura. Binta na kwance a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta lanƙwashe.

"Zainabu."

Ba ta waiwayo ba. Ta ci gaba da jan igiyar.

"Dakta ta ce a kai Binta a ɗebi jininta yau. Ta ce in an kama abin da wuri, akwai magani."

"Ruwa ya sauko jiya, Baba," ta ce, har yanzu bayanta take ba shi. "An ce da ka bari, da ya wanke komai."

"Haka ne."

"Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Kuma yau da safe da kin ba ta wannan ruwan ta sha."

Gugan ya iso bakin rijiya, cike, ruwan garai-garai kamar ba komai a cikinsa. Ta tsaya riƙe da shi, tana kallonsa. Gugan ya karkata, ruwan na zuba a ƙafarta.

"Ajiye shi, 'yata."

Ta saki. Gugan ya koma da igiyarsa gaba ɗaya, suka ji faɗawarsa can ƙasa. Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"To me za mu sha, Baba? Ko na dama mata koko babu."

Sanda ya waiwaya ya ga bokitai biyu a jikin bango. Famfon gwamnati yana can bakin babban titi, da nisa, kuma duk hawa ne. Ya ɗauke su, ɗaya a kowane hannu.

"Shirya ta," ya ce. "Kafin ki gama na dawo."